Na Ce Mata Babu Wuta

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, don garinmu ƙarami ne duk da yawan baƙin da ke ratsa shi.

Ni maƙerin fari ne a tsohon garin Agadas. Aikin azurfa na gada wurin mahaifina, kamar yadda shi ma ya gada wurin nasa. A shekarun da zan ba ku labarinsu ina ganiyar ƙarfina, kuma ba abin da nake taƙama da shi kamar hannuwana. Da yatsa biyu nake ɗaukar garwashi in aza a furno, murhun shayi, ina ci gaba da hira, abokai suna yamutsa fuska. Mutane sun fi son su ce asiri ne na maƙera, ni kuma ban taɓa ƙaryata su ba, amma gaskiyar ita ce kan yatsun ne suka mutu tun ina saurayi. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, abu ɗaya ya dasa mini da baki da bulala: in kana ɗauke da narkakken ƙarfe sai awartaki ya ɗauki zafi, ba a saki, ƙara damƙewa ake yi har a zuba. Wanda ya saki ya zubar da dukiyar mutane, ya kuma ƙone ƙafarsa. Da wannan na girma, ban taɓa tunanin akwai wurin da ba ya aiki ba.

A lokacin masu yawon buɗe ido sun daina zuwa, zobba da 'yan wuya sun yi ta kwana a cikin akwati. Abin da ya riƙe mu shi ne zinariyar da samari ke dawowa da ita daga wurin haƙa a Jado, su kawo mu narka musu mu haɗa ta dunƙule. Saboda haka wuta ba ta mutuwa a maƙerata tun safe har la'asar. Ina da ɗiya, ita ce ta tsakiya a yarana, a lokacin ba ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Yarinyar nan ta fi kowa manne mini. Kullum da safe sai ta raka ni daga gida zuwa maƙera, lungu biyu ne tsakani, tana riƙe da ƙaramin yatsana na dama. Ba ta kama hannun duka, wai yana da kaushi. Shi kaɗai take zaɓa, kuma shi kaɗai ne yatsan da ya rage mini da ji, don ba ya taɓa wuta. Ina jin ɗumin tafinta a kansa har mu isa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma wannan 'yar tafiyar ita ce abin da na fi so a yinina.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Uwarta tana cikin jego, sai ta aiko ta da furata. Samari biyu na zaune suna jiran zinariyarsu, ni kuma idona na kan wuta. Bakin zanenta ya sarƙe a zugazugi, ta tafi gaba ɗaya, ƙafarta ta hagu ta faɗa cikin garwashi daga gwiwa zuwa cinya. Akwai abin da nake tunawa wanda har yau ban san yadda zan fassara shi ba: sai da na ajiye awartaki a inda ya saba zama kafin na ɗauke ta. Ban yi ihu ba, ban yi kuka ba. Na yi mata tofin da muke yi wa ƙuna, maƙwabta sun taru, wata tsohuwa na cewa ai wuta ba ta cin ɗan maƙeri, alhali fatar yarinya tana saɓulewa a gabanta. Wani mai adaidaita ya kai mu asibiti. Tun daga wannan hantsin wani abu ya kwanta a ƙirjina ya yi shiru, ina gani, ina ji, ina amsa tambaya, amma kamar wani ne ake yi wa.

Lokotoro, wato likita, ya ce ƙunar ta yi zurfi. Za a riƙa wanke ta ana cire matacciyar fata ana sake ɗaurewa, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma ba aikin da za a yi wa yaro ido biyu ba ne, sai an sa ta barci kowane karo. Uwarta ba ta fita, don haka ni ne mai kai ta. A ɗakin da ake yi akwai wani saurayi wanda aikinsa ke nan sa mutane barci. Ya saka mata 'yar roba a jijiyar bayan hannu, ya ɗauko sirinji cike da wani ruwa fari fat kamar madara. Ya tambaya ko zan iya riƙe ta har ta yi barci sannan in fita, ya dubi damatsana ya yi murmushi, ya ce da alama ba sai an kira kowa ba. Na kama wuyan hannunta. Yana fara tura farin ruwan sai yarinyar ta banƙare.

"Baba, wuta. Wuta a hannuna."

Na duba hannun. Babu ja, babu kumburi, babu komai. Ta ja, ni kuma na ƙara damƙewa. Kafin ta sake buɗe baki idonta ya juye, jikinta ya saki. Saurayin ya ce haka yara suke yi, tsoron allura ne, in ta farka ba za ta tuna ba.

A karo na biyu, da ya juya baya, na kai ƙaramin yatsana na taɓa jikin sirinjin. Sanyi ƙalau. A nan na yanke hukunci, kuma na yanke shi a matsayin wanda ya san wuta. Na san ta da launinta, na san ja, na san ruwan ɗorawa, na san lokacin da azurfa za ta narke tun kafin ta motsa. Abin da yake fari mai sanyi a hannu, a sanina, ba ya ƙona kowa. Sai na ce firgita ce, faɗuwar da ta yi ce take dawo mata duk sanda aka kwantar da ita. Na karɓo rubutu, na sa aka yi mata hayaƙi, ina tofa mata addu'a a ka kafin mu shiga. In ta ce wuta, sai in sunkuya daidai kunnenta in ce mata babu wuta, ɗiyata, Baba ya duba, babu wuta. Da murya mai taushi nake faɗa, ina ganin lallashi nake yi. In ta ja hannu kuma, hannuna ya riga ya san abin da zai yi ba sai ya tambaye ni ba. Har ma'aikatan suka san ni, suna cewa in ranar ɗiyar maƙeri ce aiki ba ya ɗaukar lokaci. Na ji daɗin wannan yabon, ba zan ɓoye ba.

A hankali ta daina surutu a hanya. Daga baya ta daina kukan ma. Za ta kwanta, ta kafe rufin ɗaki da ido, ta cije leɓe, hawaye na gangarawa cikin kunnenta har barci ya ɗauke ta. Na koma gida na ce wa uwarta rubutun ya ci, jinin maƙera ya motsa. Uwarta ba ta yi murna ba. Ta ce in lura da yadda yarinyar ke kwana, hannuwanta biyu a ƙarƙashin cikinta, ta danne su. Ta nuna mini wuyan hannun, shatin yatsuna huɗu ya yi baƙi a wurin. Ta tambaye ni ko na gaya wa masu aikin abin da yarinyar ke faɗa. Na ce in gaya musu me, in ce ruwan sanyi yana ƙona ɗiyar maƙeri, su yi mini dariya? Na ce mata ta ji da jaririnta, wannan ɓangaren ta bar mini. Ta juya ga jaririnta a gajiye, ni kuma na ɗauka na yi nasara.

Wata ranar komawa asibiti muka nemi yarinyar muka rasa. A bayan buhunan gawayi na same ta, ta ja ciwon ƙafarta cikin baƙin ƙura, bandejin ya yi dumu-dumu. Ta ce mini a bar mata ƙafar haka, ba ta so ta warke. Lokotoro kuwa ya riga ya gargaɗe ni cewa in aka yi wasa gwiwar za ta ƙage, ta tashi da ɗingishi har abada. Na miƙa mata ƙaramin yatsana kamar yadda muka saba. Ta dube shi, ta tura hannuwanta cikin hamata. Sai na sunkuce ta na saɓa a kafaɗa. Ba ta yi kokawa ba, jikinta dai ya sandare har muka isa.

A ranar ba saurayin ne a ɗakin ba, wata mata ce mai ɗan shekaru, da gilashi rataye a wuya. Na kwantar da yarinyar, na kama wuyan hannunta tun ba a ce in kama ba. Matar ta dubi hannuna, ta dubi baƙin shatin da ke ƙarƙashinsa, ta ce Malam ɗan sake ta tukuna, ba inda za ta. Ta jawo kujera ta zauna har fuskarta ta yi daidai da ta yarinyar, ta tambaye ta me ya fi damunta a ɗakin nan. Yarinyar ba ta amsa ba sai da ta saci kallona. Sannan ta nuna farin sirinjin da haɓa, ta ce a hankali in ya shiga yana cin wuta, daga nan har nan, ta ja yatsa daga bayan hannu zuwa gwiwar hannu. Na buɗe baki zan yi bayanin firgita. Matar ta riga ni.

"Gaskiyarki, ɗiyata. Yana ƙuna. Yau ba za mu bari ba."

Ta yi mini bayani tana aiki, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce maganin nan mai kyau ne, amma an san shi da wannan hali, yana yi wa jijiya raɗaɗi in yana shiga, musamman ƙananan jijiyoyin bayan hannu, musamman na yara. Wani ba ya ji, wani kuma ji yake kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Ba zafin da ake taɓawa daga waje ba ne. Ta bar bayan hannun, ta nemi babbar jijiya a lanƙwasar gwiwar hannu. Ta matse damtsen da hannunta, ta fara tura wani ɗan magani garai kamar ruwa wanda ta ce yana kashe jin wurin, ta dakata kaɗan tana tambayar yarinyar ko muna da akuya a gida, kuma wa ke tatsarta. Sannan ta saki damtsen, ta tura farin a hankali. Ɗiyata tana cikin ba ta labarin akuyarmu mai cin sabulu barci ya ɗauke ta, maganar a bakinta. Ba ta ja hannu ba. Babu wanda ya riƙe ta.

Ina tsaye hannuwana a sake, ban san inda zan ajiye su ba. Matar ta ce abin mamaki ne a ce duk zuwan nan yarinyar ba ta taɓa faɗa ba. Na ce ta faɗa. Ta ce wa ta faɗa wa? Na ce ni. Ta mai da gilashinta a ido, ta ce in jira a waje.

Na fita na zauna a gindin bishiya inda masu jinya ke zama. Ina jira in ji wani abu, kuka ko fushi ko kunya, ba wanda ya zo. Mai shayi ya wuce na saya na sha. Na lura takalmina ɗaya ya tsinke, na zauna ina gyara shi har aka kira ni.

Daga ranar haka aka riƙa yi mata har aka gama. Saurayin ma da ya dawo haka ya yi, ya kuma ce mini da ya sani da tuni ya yi. Ban riƙe shi a zuciya ba. Layi ne a ƙofarsa kullum, ga waɗanda mota ta kife da su a hanyar Dirku, ga masu haihuwa, kukan yara kuma ya cika masa kunne har ba ya rarrabe kalma a ciki. Ni ne kunnena ke daidai bakinta. Ƙafar ta warke, gwiwar ba ta ƙage ba, tabo ne kawai wanda zane ke rufewa. Mutane suka yi ta yi mini barka, ina amsawa.

Amma ba ta sake raka ni maƙera ba. Na ɗauka tsoron wurin take yi, sai na ga ba shi ba ne, don takan je in yayanta na can. In na ce ta miƙo mini abu, sai ta ajiye a tabarma kusa da ni ta ja baya. In za mu tsallaka titi ranar salla, gefen rigata take kamawa, ko ta koma wajen uwarta. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Tana gaishe ni a durƙushe, tana wanke mini tufa, yanzu har ta yi nisa a karatu, malamanta na yabonta. Wanda ya shigo gidanmu zai ce ba uban da ya kai ni sa'ar ɗiya. Ni kaɗai na san shekarun da aka yi fatar hannunta ba ta taɓa tawa ba.

Bara wani kumburi ya fito mini a mara, aka ce sai an yi aiki. Da aka kwantar da ni sai ga farin sirinjin nan a kan tire, da ƙaramin na garai kusa da shi. Mai sa barcin wani ne daban, ban san shi ba. Na roƙe shi alfarma, na ce ya bar ƙaramin, ya sa mini farin kai tsaye, a bayan hannu. Ya ɗauka ruɗewa ce, ya ce in kwantar da hankalina. Na ce hankalina a kwance yake, so nake in ji. Ya dube ni da kyau, ya ce Baba, a ɗakin nan ba a ba mutum zafi da gangan, ko shi ya nema. Ya yi aikinsa yadda ya kamata. Na yi barci ban ji komai ba, na farka ban ji komai ba. Ko wannan ɗin ban samu ba.

Washegari da rana ɗiyata ta kawo mini kunu. Ta ajiye kwanon a kan ɗan teburin gefen gado, ta zauna a bakin tabarma. Ba kowa a kusa, sai na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba, ko tana tuna farin maganin nan. Ta ce tana tunawa. Na ce ta yafe mini riƙon da na yi mata. Sai ta ce:

"Na yahe, Baba, tun tuni. Riƙon ai dole ne a riƙe ni. Abin da ban gane ba, na hwaɗa maka, ka ce ka duba babu."

Ta faɗe shi ba da zafi ba, kamar mai ba da labarin wata yarinya da ta taɓa sani. Ta ce bayan haka ta riƙa zaton ko ita ce ba ta da hankali, tunda Baba ya san wuta fiye da kowa. Sai ta tashi ta ce kunun zai huce.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Iyaye, in za a sa yaronku barci don aiki, ku tambaya ko maganin yana da raɗaɗi in yana shiga, da abin da za a yi a rage shi. Akwai dabaru, masu aikin sun san su, su ne kuma za su zaɓi wadda ta dace, amma ba za su san yaronka na ƙonewa ba in kai da ke riƙe da shi ka haɗiye maganar. Tambaya ba raini ba ce, kuma ko an yi maka dariya ba ka rasa komai ba. In yaro ya daina kuka kada ku yi saurin cewa ya saba, wataƙila ya gane ne ba mai jin sa. Ku kuma masu sana'a irina, waɗanda hannunsu ya ƙware har ya daina tambayarsu, ku sani abin da kuka iya a bakin aikinku yana da iyaka. Ni na auna zafin ɗiyata da yatsana, na ce babu, alhali a jijiyarta yake ba a tawa ba.

Har yau ina zuwa maƙera kullum da safe, lungu biyu ne kamar da. Wani lokaci sai na isa ƙofa nake lura ƙaramin yatsana a ware yake daga sauran, na taho da shi haka tun daga gida. Sai in mai da shi cikin 'yan'uwansa, in buɗe ƙofa, in hura wuta.